Kukan da Na Kai Gaban Sarkin Wasa

Ku matso, jikokina, ku kawo kunnuwanku nan. Mai taunar gyaɗa ya dakata, mai goyo ta jijjiga nata ya yi shiru. Ga wata nan tafe gare ku, amma ba a bakin kakanni na tsince ta ba. A kaina ta faru, cikin garin nan na Sakkwato, kuma ubanku ne a cikinta.

Zamanin nan ne da kuɗin mai sunka shigo ƙasa, soja na riƙe da mulki. Ko'ina mutum ya waiga gini ake yi. Wanda jiya ke yaɓe da laka, yau ya ce shi sai bulo da kwano. Siminti ya yi daraja har mutane na bin motarsa da ido kamar amarya ce ke wucewa. Muna zaune Ƙofar Atiku, gidan da kakanku ya rasu ya bar mu. Ni ina daddawa, ubanku yana dako a Kalambaina, wurin kamfanin siminti, yana ɗora buhuna bisa manyan motoci. Uwarku tana ɗaki da cikin babbarku.

Ubanku shi ne ɗana na fari, kun kuwa san yadda muke da ɗan fari. Ba a kama sunansa, ba a dubansa gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Tun ranar da anka raɗa mishi suna bakina bai taɓa faɗinsa ba. In zan ba shi tuwo sai in ce wa bango, “Wane, ga shi can.” Ƙurar siminti ta riga ta taɓa mishi ƙirji, in ta tashi numfashi sai da ƙyar. Ni ke dafa ganyen sirace, amma uwarku nake miƙa wa ta kai mishi, kada a ce na damu.

Wata rana bai dawo ba. Ashe da sunka tashi aiki, shi da wasu 'yan dako biyu, mutanen ƙauye, sun hau bayan wata mota don a rage musu hanya. Ba su san kayan ƙetare iyaka za a fitar da su a ɓoye ba. Tun kafin su kai mararraba soja sunka tare. Direba ya tsallake ya shige gonar dawa. Na bisa kaya anka kwasa.

A al'ada ba ni ce mai bin maganar nan ba, dangin ubansa ne. Na tafi kasuwa wurin baffansa, ƙanen kakanku, mai rumfar atamfa. Ya saurare ni yana naɗe turmi, bai ɗago ba.

Ya ce, “Matar yaya, soja hwa kic ce. Shekaranjiya sunka ruhe rumhwar maƙwabcina. In nik kai kaina, cewa za su yi kayan nau na. Ki yi ta addu'a.”

Na tafi wurin mai unguwa. Ku ba ku san zamanin ba, bari in shimfiɗa muku. Kukan talaka ba ya tashi ya faɗa kunnen Sarki haka nan. Mai unguwa ke ɗaukarsa ya kai wa hakimi, ya ce na san mai shi, na tsaya mishi. Hakimi ya kai wa ɗaya daga cikin manyan da ke zama kusa da Sarki, ya ce na tsaya. Wannan babban shi ke buɗe baki a fada. Kowane ya ce ya tsaya, mutuncinsa ya ɗora. In maganar ta fito ƙarya, kunyar tasa ce. Soja kuwa, duk da bindigarsu, in saƙo ya fito daga fada sukan saurara.

Mai unguwarmu ya san ubanku tun yana rarrafe. Amma shekarar nan ana ta sauke mutane daga kujerunsu, kowa ya ƙanƙame tasa. Ya ce, “Ni na ga yaron ga cikin motar? Na san abin da ke zuciya tai? Ki bari ƙura ta lahwa.” Na koma, ya ce gobe. Na sake komawa, anka ce ya tafi gona. Ina kallon takalmansa a bakin zaure.

Ana nan sai wani mai gyaran keke da anka tsare tare da su ya fito. Ya zo har gida, ya tsuguna nesa da ni. Ya ce, “Inna, ban so in hwaɗi miki ba. Ɗakin ba taga, mutane kamar buhuna. Ɗanki ba shi iya kwanciya, zaune shike kwana, numhwashi nai kamar ana zarto. Kuma na ji sun ce bayan Salla za a kwashe su a kai wani gari mai nisa, kotun soja.”

Uwarku ta faɗi nan tsakar gida. Ni ban yi kuka ba, ba a kukan ɗan fari gaban suruka. Na ɗauki gyale na nufi fada da ƙafata.

A bakin ƙofa wani dogari dattijo ya tare ni. Ya ce, “Baiwar Allah, wa ya kawo ki?”

Na ce, “Ƙahwahuna.”

Ya ce, “Ƙahwa ba ta yi wa mutum iso. Wa at tsaye miki?”

Na ce ba kowa. Ya girgiza kai, amma ya ji tausayina, ya ce in faɗa mishi sunan yaron ko zai ji wani abu. Na buɗe baki. Wallahi, jikokina, sunan yana nan bisa harshena, ga mutane tsaye suna kallo, sai na ji kaina ina cewa, “Wani yaro na, na gidanmu.” Ya jira. Na sunkuyar da kai. Ya ce, “To ƙaƙa za a nemi wanda uwatai ba ta hwaɗi suna nai ba?” Na juyo ina tafe ina cizon hannuna.

Daga nan ban koma gida ba, Hubbare na wuce, inda kaburburan magabata suke. Na zauna cikin mata masu ziyara, na rasa ma abin da zan roƙa, sai “Ya Allah” kawai nake maimaitawa. Can na ji an dafa ni. Wata tsohuwa ce, jakadiyar gidan ɗaya daga cikin manyan nan na kusa da Sarki, mai kai saƙo tsakanin cikin gida da zaure. Shekaru tana sayen daddawata.

Ta ce, “Ke mai kalwa, miyarmu ta yi salam, ina kika shige?”

Na kwashe duka na faɗa mata. Na kama ƙafarta na ce ta kai ni gun maigidanta. Ta janye ƙafa. Ta ce ita saƙo take kaiwa, ba ƙara ba, kuma maigidan ba ya sauraron abin da bai biyo hanya ba, in ya yi haka ya ci mutuncin hakimi da mai unguwa. Ta murza goro a hannu. Sa'an nan ta ce, “Amma akwai wasa.”

Kowace shekara bayan babbar Salla, matan gidan nan sukan yi wasan fada a tsakar gida. Wata ta zama Sarki, wata waziri, wata hakimi, wata mai unguwa, 'yan mata su zama dogarai. Ana kawo ƙararrakin ban dariya. Kuma kamar a waje, ba mai isa gaban Sarkin wasa sai masu sarautar wasa sun tsaya mata ɗaya bayan ɗaya. In ƙara ta faɗi, mai ita da duk wadda ta tsaya mata a sheƙa musu ruwan toka, gobe su yi dakan gida duka. Maigida kuwa yakan zauna cikin soro bayan asabari, wai hutawa yake. Kowa ya san yana ji. Nan ne matansa ke gaya mishi abin da ba a iya gaya mishi.

Jakadiya ta ce, “Bana ni ce mai unguwa. Ni zan tsaya miki. Sauran, ke da bakinki. In abin ya ɓaci, ban san ki ba sai a daddawa.”

Salla ta zo ta wuce, ban san ɗanɗanon nama ba. Kullum da safe ina bakin hanyar bariki ina duba motocin da ke fita, ina leƙen bayansu.

Ranar wasa, bayan la'asar, jakadiya ta shigo da ni ta ƙofar baya. Tsakar gida cike da mata, uwargida na bisa tabarma a inuwa. An kife turmi an shimfiɗa mishi darduma. Bisa kansa mai tuwon gidan ce zaune, wata ƙatuwar mata, ta naɗa zane ya zama rawani, ta liƙa auduga a haɓa da ƙaro, ga muciya a hannu, ita ce Sarkin wasa. 'Yan mata sun ɗaura jajayen zannuwa suna riƙe da tsintsiya, suna kirari, “Lahiya, zaki! Taka sannu, mai tuwo da miya!”

Wata ta kawo ƙarar minsharin mijinta, Sarki ya yanke a toshe mishi hanci da ƙullun danwake. Wata ta kawo ƙarar akuyar uwargida da ta cinye mata ɗankwali, akuya ta yi nasara, anka sheƙa wa matar ruwan toka tare da waɗanda sunka tsaya mata. Mata na faɗuwa don dariya. Ni ina rakuɓe jikin rumbu.

Sai jakadiya ta ja ni tsakiya. Ta yi muryar maza ta ce, “Ga wata talakata, na san ta, na san gidansu. Na tsaya mata.”

Wata daga baya ta ce, “Wa ab buɗe tukunyar kalwa? Ƙarar ga da wari taz zo!” Anka fashe.

Mai yin hakimi wata doguwa ce, mai dakan gidan, ta cusa matashi a ciki ya zama tumbi. Ta ce, “Ke talaka, ƙarar wa kika kawo?”

Na ce, “Soja.”

Kai, ranar na ga dariya. Wata yarinya ta saɓa taɓarya a kafaɗa tana buga ƙafa tana sara wa kaji. Hakimi ya shafa tumbi ya ce, “Na tsaya mata, ko don in ga yadda Sarki zai kama soja da muciya.”

Saura waziri. Ƙanwar maigidan ce, bazawara, mace mai kaifin ido, ba ta cika dariya ba ko a wasa. Na durƙusa gabanta. Ta dubi ƙafafuna da sunka tsattsage. Ta sunkuyo kamar za ta gyara alkyabbar bargon da ta yafa, ta ce a hankali, “Ke, wanga wasa na ko gaske?”

Na ce, “Gaske na, ranki shi daɗe.”

Ta miƙe. Ta dubi jakadiya, jakadiya ta dubi sama. Ta dubi asabarin soro. Na san abin da take aunawa. In ta tsaya mini, ba ruwan toka ne a gabanta ba, ta jawo maganar soja cikin gidan wanta, a shekarar da manya ke kwana da rawani su tashi babu. Mata sunka fara tafi suna cewa waziri ya tsorata. Ni dai ina kallon bakinta, duk duniyata ta taru a wurin.

Ta ɗaga murya yadda na bayan asabari zai ji. Ta ce, “Na tsaya mata.”

Dogarai sunka tura ni gaban turmi. Sarki ya buga muciya ya ce, “Mi soja sunka yi miki? Sun cinye daddawa ba su biya ba?”

Na ce, “Sun kama wani yaro na gidanmu.”

“Sarki bai san wani yaro ba. Ɗan wa?”

Wata maƙwabciyarmu da ke aure a unguwar ta ɗaga murya, “Ɗan hwarinta na, ranka shi daɗe!”

Sai gida ya kaure. Ba abin da ya fi wannan daɗi a wasa, a tsare uwa a ce ta kama sunan ɗan fari. Sunka zagaye ni suna tafi, “Sai ta hwaɗi! Sai ta hwaɗi!” Sarki ya ce in ban faɗi suna ba ƙara ta faɗi, a kawo toka. Na ga yarinya ta ɗauko ƙwaryar. Na tuna dogarin nan na bakin fada, da yadda na juyo hannu wofi. Na tuna numfashin nan mai kamar zarto.

Na faɗi sunan.

Ya fito da ƙarfi, kamar ba daga bakina ba. Na sake faɗi, na haɗa da sunan ubansa. Da bakin ya buɗe kuma bai rufu ba. Na ce ɗana ne, ni na haife shi, dako yake, bai mallaki ko buhu ɗaya ba. Na ce ƙirjinsa ba lafiya, zaune yake kwana, matarsa na da ciki, za a kwashe shi zuwa inda ban sani ba. Na ce na je wurin baffansa, na je wurin mai unguwa, na je bakin fada, ba wanda ya tsaya mini. Ban san sa'ad da na bar durƙuso na kwanta rub da ciki ba, goshina cikin ƙasa, ina kiran sunan nan kamar yana bayan katanga.

Tafi ya mutu. Yarinyar ta aje ƙwaryar toka. Da na ɗago, audugar Sarki ta saki gefe guda tana lilo, hawaye na bin kumatunta. Amma ba ta sauka daga turmi ba. Ta juya fuskarta wajen soro, ta yi muryar nan ta sarauta, ta ce, “Mun ji. Mai unguwa ya tsaya, hakimi ya tsaya, waziri ya tsaya. Magana tagga ta hi ƙarhin muciya. A kai ta inda ta dace.”

Bayan asabari anka yi gyaran murya. Munka ji takalmi ya ja, ya yi nisa. Uwargida ta tashi ta shige ɗaki, wasa ya watse.

Na koma gida ban san ko na gyara ko na ɓata ba. Kafin magariba labari ya riga ni isa unguwa, wai mai daddawa ta zubar da kunya gaban matan manya. Baffan ubanku ya zo har ƙofa yana faɗa, wai na tozarta gidan wansa. Na bar shi yana yi, na shiga na zauna kusa da uwarku.

Da safe ina wanke kalwa sai ga sallama. Mai unguwa ne da kansa, da babbar riga, yana zufa. Ya ce, “Ke kuwa mi ya hana ki zo ki gaya mini abin ya kai haka? Ɗauko gyalenki.” Ashe maigidan can ya aika a tambayi hakimi ko ya san da wata magana a ƙasarsa, hakimi ya aika a tambayi mai unguwa. Hanyar da ta ƙi hawa daga ƙasa, sai ga ta ta gangaro daga sama ta same ni a gindin turmi.

Mai unguwa ya kai ni gaban hakimi ya ce, “Na san ta, na san yaron tun shina rarrahe. Na tsaya musu.” Ban dube shi ba. Hakimi ya sa mu gaba har zauren babban nan. Nan na fara ganinsa, wani ɗan siririn tsoho mai sanyin murya. Bai nuna ya taɓa jin muryata ba. Ya tambayi komai daga farko, ya tambayi wanda ya tsaya. Mai unguwa ya ce shi, hakimi ya ce shi. Ya ce, “To, madalla. Yanzu ta biyo hanya.” Ya tashi ya nufi fada.

Ni ban ga Sarki ba, har yau ban san kalar zaurensa ba. Gindin wata bishiya na zauna a waje har rana ta karkata. Mai unguwa ya fito ya ce an faɗi maganar, an aika wa babban soja, sai jira.

Jiran nan ya fi komai. Motoci na fita daga bariki rufe da tamfol, ban san wadda ke ɗauke da shi ba. Na bar cin abinci. Na yi ta tunanin ko saƙon ya isa bayan an riga an tafi da su.

Ran nan da hantsi wata ƙaramar mota ta tsaya ƙofar mai unguwa. Anka sauko da ubanku, mutum biyu na riƙe da hammatarsa. Ya zama ƙashi, leɓɓansa sun yi fari, daga inda nake ina jin numfashin. Unguwa ta taru, uwarku ta fito ba ko takalmi. Ya ɗago yana neman wani abu cikin mutane. Na juya na shiga gida, na hura wuta, na ɗora tukunyar ganye. Garin sauri har na zubar da rabin ruwan.

To, ga yadda kowa ya ƙare. Mai unguwa ya daɗe bisa kujerarsa, har ya mutu yana ba mutane labarin yadda ya ƙwato yaro daga hannun soja. Baffan ubanku ya yi arziki da atamfa, ya je Makka, ya kawo mini tasbaha, na karɓa. Jakadiya ta makance a ƙarshenta, ni ke kai mata miya har Allah ya ɗauke ta. Ƙanwar maigidan, an ce wanta ya yi wata guda bai amsa gaisuwarta ba, daga baya ta yi aure wajen Gwadabawa, ban sake ganinta ba. Mai tuwo ta ƙi sake hawa turmi, ta ce rawanin ya yi mata nauyi, bayan rasuwar maigidan kuma wasan ya mutu. 'Yan dakon nan biyu na ƙauye an tafi da su cikin masu tamfol. Uwar ɗayansu ta zo gari tana tambaya, na raka ta wurin mai unguwarmu, ya ce ba mutanensa ba ne.

Ubanku bai sake ɗaukar buhu ba. Ya kafa tebur ƙofar gida yana sayar da ashana da sabulu, ya haife ku duka. Ƙirjin nan bai taɓa sakinsa ba, shi ya tafi da shi wata damina, ƙaraminku na goye. Ni ce anka bari, ga ni nan gabanku, ko kalwa ba na iya dakawa.